Bangon Sajan

"Ɗaga shi sama kaɗan," in ji Sajan. "A'a, ka wuce. Dawo da shi. Mai wuta, wai da ido ɗaya kake gani ne?"

Ina bisa tsani, hannu biyu riƙe da firam, ga fensir a bakina. Na sauko da shi kaɗan. Tana zaune a kujerar da ke fuskantar bangon, an tokare mata baya da matashi, da bargo a kan gwiwoyinta duk da zafin da ake yi. Ƙanwarta kuwa tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Yaya, wannan ba na falo ba ne," in ji ƙanwar. "Ban ma gama shi ba."

"Tun yaushe yake ƙarƙashin gadonki? Da za ki gama shi da tuni kin gama. Huda, Mai wuta."

Na yi alama da fensir, na ƙwanƙwasa bangon don in tabbata waya ba ta bi ta nan ba, sannan na kunna injin huda. Farar ƙura ta zubo a kan tayil. Sajan ta bi ƙurar da ido har ƙasa, bakinta ya motsa kamar za ta ce a kawo tsintsiya, sai ta fasa. Wannan shi ne rami na farko da aka taɓa yi a bangon gidan nan.

Ƙofarmu da tasu suna kallon juna a hawa na biyu, kuma a nan muka tarar da su lokacin da muka tare. Babbar ta yi aikin kula da ɗakunan kwanan ɗalibai a wata makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, daga can sunan Sajan ya biyo ta, kuma ba ta taɓa nuna ya dame ta ba. Mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, ba su haihu ba. Ƙaramar ta koyar da zane a makaranta, shi ya sa duk benen muke ce mata Malama. Ta yi aure na ɗan lokaci, bai yi ba, ta dawo wurin yayarta da akwati da kwalin burushi, ba ta sake tashi ba. Furfura ta gama cinye mata kai amma Sajan ba ta daina kiranta Auta ba.

Sajan ke zuwa kasuwa, ita ke girki, ita ke riƙe da makulli, ita ke faɗa da masu ruwa in famfo ya ɗauke. Malama tana baranda da gwangwanayen fentinta. In ta gama zane ya bushe, sai a naɗe shi a tsohon zanin gado a tura ƙarƙashin gado, ko saman kabad, ko bayan ƙofa. Dokar Sajan ce: ba a kafa ƙusa a bangonta. Ko kalanda a marfin firji take manne ta. Aikin wutar lantarki nake yi, na taɓa zuwa gyara musu soket, na ce zan ja waya ta saman bango in daddanne ta da ƙananan ƙusoshi, ta sa na zagaya da ita ta bayan kabad.

"Gida ne nan, ba shago ba," haka take cewa.

Da rashin lafiyar Sajan ya yi tsanani ta kwanta a asibiti, sai aka sallamo ta da jakar magunguna. Matata ce ta gaya mini likitoci sun ce a koma gida a kula da ita kawai. Ba a daɗe ba Sajan ta ƙwala mini kira daga kujerarta, ƙofarsu a buɗe, ta tambaye ni ko injin nan nawa yana huda siminti. Na ce yana yi. Ta ce to in zo da shi in na taso aiki.

Haka na riƙa shiga wurinsu da yamma. Malama tana jawo zane-zanen daga maɓoyarsu tana kwancewa, tana goge ƙura da gefen mayafinta, tana mita. Ban san suna da yawa haka ba. Akwai gadar jirgin ƙasa da ruwa ya cika ƙarƙashinta. Akwai akuya a ɗaure jikin tsohuwar taya. Akwai rufin gidajen da ake hangowa daga barandarsu, da shanya a kan igiya, ta zana su da safe, ta zana su da hadari, ta zana su da rana tsaka. Wasu suna da firam, wasu katako ne kawai aka ja yadi a kai, sai na ɗaura musu waya a baya.

Sajan ba ta yaba ko ɗaya ba.

"Wannan akuyar yunwa take ji ko ciwo?"

"Haka na gan ta."

"To sa ta kusa da gadar. In ta gaji da rayuwa ga ruwa nan."

"Ba sa zama tare, Yaya. Wannan duhu ne, wancan ma duhu. Bangon zai yi nauyi ta gefe ɗaya."

"Bango ne zai faɗi? Mai wuta, sa ta inda na ce."

Na ɗaga akuyar zuwa gefen gadar. Malama ta yi tsaki, ta zo ta karɓe ta daga hannuna. Ta ture tebur gefe, ta shimfiɗa zane-zanen a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tana matsar da wannan, tana juya wancan, tana ja da baya ta kalla. Ta sa babban a tsakiya, ƙananan suka kewaye shi. Ta ce tsakiyar kowanne ya zo daidai idon mutum in yana tsaye, ban da na bayan doguwar kujera, shi a ɗaga shi kada kai ya buge shi. Bangon da rana ke duka da yamma ta ce a bar shi da masu duhu, masu haske za su koɗe. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Na waiga, sai na ga Sajan ta lumshe ido kamar mai barci, amma babban yatsanta yana wasa da bakin bargo.

Daga ranar na lura da abin da take yi. Duk inda ta san bai dace ba, nan za ta ce in kafa. Sai Malama ta fusata ta karɓi ragamar.

Wata rana aka kwance wani zane na mace ta ba da baya, tana tsaye gaban wurin wanke-wanke, kafaɗunta a buɗe, ɗankwali ya zame gefe.

"Wace ce wannan mai ƙirar ɗan dako?"

"Ke ce."

Sajan ta daɗe tana kallo. "Kai shi banɗaki," ta ce.

A kicin Malama ta sa na kafa shi, sama da inda ake kife kwanuka.

Ƙusoshina suka ƙare a tsakiyar aikin ɗakin kwana. Na ce zan leƙa gida in duba, Sajan ta ce a'a, Auta ta je shagon kayan gini na bakin titi ta sayo. Malama ta ce ita ba ta san irin da ake so ba. Sajan ta ce ta tafi da ɗaya a hannu ta nuna, ai tana da baki. Muka ji saukarta a matakala a hankali, tana dafa ƙarfe.

"Zauna," in ji Sajan. Na zauna a kan matakin tsani.

"Ka san Dogo?"

Na san shi. Ɗan marigayi wansu ne, mutum mai kirki, yana zuwa duba su ƙarshen mako da ledar 'ya'yan itace.

"Ya gyara wa Auta ɗaki a gidansa. Ya nuna mini hoton a waya. Gado, labule, har da talabijin. Ana binne ni zai sa ta a mota." Ta tsaya ta huta, numfashinta yana fita da ɗan sauti. "In ta je can, za a zaunar da ita a ba ta abinci a baki. Matarsa ba za ta yarda da warin fenti ba, kuma ban ga laifinta ba, ni ma da ƙyar na jure. Wata nawa za ta yi? Zama zai kashe ta."

"To ki gaya masa, Mama."

"Na gaya masa. Ya ce to, Gwaggo. Ka san irin to ɗin nan." Ta nuna bangon da haɓa. "Abin da ke naɗe ƙarƙashin gado, minti kaɗan an loda shi a but ɗin mota. Amma wannan sai an tsaya an cire ɗaya-ɗaya, tana kallo. Ina so in ta buɗe ido ta ga gidanta ne, ba nawa ba."

Ta ce in miƙo mata ruwa, na miƙa. Malama ta dawo da ƙusoshin da suka fi wanda ta tafi da shi tsawo, ta ce mai shagon ya ce sun fi riƙo. Sajan ta ce an cuce ta. Na ce za su yi.

Dogo ya zo ranar Asabar, ya tarar da ni ina huda bangon lungun da ke kaiwa ɗakunan kwana. Ya tsaya a tsakiyar falo da ledarsa yana juyawa.

"Gwaggo, me ake yi haka?"

"Ado."

"Da wannan ƙarar? Likita ya ce ki huta. Ga ƙura, ga ƙirjinki."

"Hutu na nan zuwa, har sai ya ishe ni. Ajiye ledar ka riƙe masa tsani, tsawonka ya yi amfani."

Ya ajiye, ya riƙe. Da na tattara kayana, ya biyo ni har bakin matakala ya ja ƙofar.

"Maigida, don Allah ka dakata da aikin nan," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Na san abin da take nufi. Amma kai maƙwabcinsu ne, ka fi ni sani. Gwaggo ƙarama ta taɓa dafa ko ruwan zafi? Bara ba ita ta bar gas a buɗe ba, har kuka fito da yara waje?"

"Ita ce."

"To ka gani. Ga ciwon suga. In ta faɗi a banɗaki wa zai sani? In wani abu ya same ta, ni za a tambaya. Ni kaɗai na rage musu."

Gaskiya ya faɗa, ba ni da abin musu a ciki. Na ce masa ni an kira ni in huda bango ne, kuma masu bangon ne suka kira ni. In suka ce in bari, zan bari. Ya kalle ni na ɗan lokaci, ya shafa ƙeyarsa, ya ce ba komai, ya gode. Da zai sauka sai ya juyo.

"Gadar nan ta falo, ina yaro ta taɓa kai ni wurin. Ban san ta zana ta ba."

Bayan wannan makon jikin Sajan ya ƙara sauka. Tafiya daga ɗaki zuwa kujera ta gagare ta, sai ni da Dogo muka fito da gadonta falo, muka ajiye shi kusa da taga. Matata ta karɓi girki, tana shiga da kwano tana fitowa da shi kusan yadda ta kai. Muryar Sajan ta ragu, amma umarni bai ragu ba. Daga kwance ta ce duk zane-zanen sun yi mata sama, wuyanta yana ciwo. Na sauko da na bangon da ke gabanta, tsofaffin ramukan suka fito fili a samansu. Na ce zan toshe su da farin siminti. Ta ce in bar su, ba ta da lokacin jiran siminti ya bushe.

Rigimar ta tashi ne wata Laraba, ina durƙushe ina ɗaura waya a bayan wani ƙaramin zane na buta a kan taga. Malama tana ba wa Sajan magani a cokali.

"In na tafi," in ji Sajan, "makullin mita yana cikin gwangwanin shayi. Mai gas yana zuwa da kansa in kin kira shi. Kada ki bar Dogo ya taɓa bangon nan. Ki ce masa nan za ki zauna."

Malama ta ajiye cokalin a kan faranti.

"Wa ya ce miki nan zan zauna?"

"Ina za ki?"

"Ban sani ba. Amma kin tambaye ni?" Muryarta ba ta tashi ba. "Tun ina yarinya ke ke zaɓa mini. Makarantar da zan je, ke. Ranar da zan bar gidan mutumin nan, ke kika zo da mota. Na yi shekara da shekaru ina zane ina turawa ƙarƙashin gado kamar abin kunya, ko sau ɗaya ba ki ce Auta kawo in gani ba. Yanzu da kika ga za ki tafi, kin sa an farfasa bango, kin rataye ni a jiki. Shi Dogo ya gyara ɗaki, ke kin gyara bango. Duk cikinku ba wanda ya ce, ke me kike so?"

Na so in tashi in fita, amma ƙofar tana bayan Malama, sai na ci gaba da murɗa wayar da ta riga ta ɗauru.

Sajan ta daɗe tana kallon silin. Fanka tana juyawa a hankali.

"Ban iya kallon zane ba," ta ce. "Har yanzu ban ga abin da kike gani a akuyar nan ba. Na ɗauka in na ciyar da ke, na biya miki fenti, shi ke nan na yi nawa."

"Ban ce ba ki yi ba."

"To ga shi ina tambaya. Me kike so?"

Malama ta ɗauki farantin da cokalin ta shiga kicin. Muka ji ta buɗe famfo, ruwa yana zuba, ba ƙarar wanke komai. Sajan ta juyo da kai wajena.

"Kai kuma ka samu na kai wa matarka. Tashi ka tafi, yau ba aiki."

Kwanaki suka wuce ba a kira ni ba. Matata ta ce suna magana, amma maganar magani ce da ta ruwan wanka. Ta ce Malama ce ke juya Sajan, ita ke shafa mata mai a baya, ta hana kowa. Ta kuma ce ta ga Malama ta kunna risho da kanta ta dafa shayi, ta tsaya a kansa har ya tafasa kamar mai gadin fursuna.

Ranar Lahadi da hantsi Malama ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta ce saura ɗaya, in ina da sarari.

Babba ne, ya fi duk sauran, shi ya sa aka bar shi a bayan kabad. Wani fili ne bayan an ɗauke ruwan sama, da doguwar hanya ta laka, da mata biyu can nesa sun ba da baya, ɗaya tana gaba da kaya a kai, ɗaya tana binta hannu sake. Malama ta ce a bangon da ke ƙafar gadon za a sa shi, ta cire ƙananan da ke wurin ta jingine su a ƙasa. Ba ta nemi shawarar kowa ba.

Sajan tana kwance a kan matasai, ta rame har bargon ya fi ta auki. Idonta a buɗe. Na gaishe ta, ta ɗaga yatsu biyu daga kan bargon. Numfashinta yana fita da ƙara, ya tsaya, ya dawo.

Saboda nauyinsa sai da na yi rami biyu. Na tambaya ko ƙarar injin ba za ta dame ta ba. Malama ta dubi yayarta, ta ce in yi. Na huda, na sa ƙusoshin. Muka ɗaga shi tare, ni ta dama ina kan tsani, ita ta hagu ta tallabe shi daga ƙasa. Wayar ta kama ƙusa ɗaya, ta ƙi kama ɗayar. Na sa hannu ta baya ina lalube, fuskata manne da bango. Da ta kama, na daidaita shi da ido, na ce yadda na saba:

"Mama, ya yi, ko a ɗaga?"

Ba a amsa ba. A lokacin ne na lura ɗakin ya yi shiru, fanka kaɗai ake ji.

Malama ba ta waiga ba. Tana riƙe da ƙasan firam ɗin da hannu biyu, goshinta ya kusa taɓa shi.

"Gefenka ya yi ƙasa," ta ce. "Ɗaga kaɗan."

Na ɗaga.

"Ya yi. Sake shi."

Na sake, ita ma ta sake. Ta goge tafin hannunta a jikin zaninta, ta je ta zauna a bakin gadon, ta rufe wa yayarta ido, ta gyara mata ɗankwalin da ya zame. Sannan ta ce in kira matata, in kuma buga wa Dogo waya. Na sauko daga tsanin na naɗe shi, don kada masu shigowa su yi tuntuɓe.

An yi mata sutura a ranar. Mutane sun zo da yawa, har da wasu manyan mata da suka ce a hannunta suka yi makaranta, suna ba da labarin yadda take kama mai fita ta taga. Masu zaman gaisuwa suka cika falon. Za ka ga mutum ya sunkuyar da kai, can sai ya ɗago ya saci kallon bango. Wata tsohuwa daga hawa na ƙasa ta tambayi matata a kunne ko daga waje aka sayo zane-zanen. Dogo ya yi ta hidima, idonsa ja. Na gan shi sau ɗaya a kicin, ya tsaya gaban matar nan mai wanke-wanke da kofi a hannu, ya manta abin da ya shigo ɗauka.

Da aka watse, ya zo da mota. Bai zo da kwalaye ba. Ya durƙusa a gaban kujerar Malama ya ce, "Gwaggo, ba zan tilasta miki ba. Amma hankalina ba zai kwanta ba." Malama ta ce ta ji. Ta shiga ɗaki ta fito da jaka ɗaya da ledar magungunanta. Ba ta cire ko zane ɗaya ba. Ta kulle ƙofar, ta ba matata makullin, ta ce a riƙa buɗe tagogi saboda sanyin damina kada ya lalata yadin.

Na ce a raina, to, Sajan ta yi ramukanta a banza.

Matata ta riƙa shiga tana buɗe tagogin tana sharewa. Wani lokaci nakan bi ta in duba ko wata ƙusa ta saki. Ba wadda ta saki. Gadon yana nan a falo, an yaye zanin, katifa tsirara.

Damina ta kusa ƙarewa, wata ranar aiki da na dawo cin abincin rana, na tarar da Malama zaune a kan matakala ta ƙarshe, jakarta a gefe, tana haki. Matata ta tafi kasuwa da makullin.

"Malama, lafiya? Ina Dogo?"

"Yana wurin aiki. Tasi na hau."

"Ya sani?"

"Zai sani in ya koma." Ta kwance bakin mayafinta ta share wuya. "Yaran kirki ne, shi da matarsa. Ko kofi na ɗauka sai a karɓe. In na tashi a ce ina za ki, Gwaggo. Na zauna har ƙafafuna suka fara mantawa da ni."

Da yamma Dogo ya iso a rikice. Sun daɗe a ciki, ƙofa a rufe. Da ya fito ya ƙwanƙwasa mana, ya roƙe ni in cire mata gas in haɗa mata murhun lantarki mai kashe kansa, in kuma ja ƙararrawa daga ɗakinta zuwa namu. Ya ce zai riƙa zuwa tsakiyar mako ma. A hammatarsa akwai zanen gadar jirgin ƙasa, naɗe a tsohon zanin gado.

Na yi aikin washegari. Na tambaye ta ta ina zan bi da wayar ƙararrawar, ta ce ta saman bango, in daddanne ta da ƙusa. Ta sa muka mayar da gadon ɗaki. Ta sauke kusan rabin zane-zanen falon, ta canza wa sauran wuri, wasu ta ce sun gaji da juna. Shinkafar farko da ta dafa ta kama, ƙaurin ya cika benen, matata ta fita da gudu ba takalmi. Ta tarar da ita tana kankare tukunya, Malama ta ce ba a kira kowa ba.

Ba mu cika ganinta ba bayan haka, sai in za ta sauka shago, tana dafa ƙarfen matakala, jaka a hannu. Ƙararrawar ba ta taɓa kaɗawa ba, in ban da ranar da ta danna don ta ji ko tana aiki.

Wata safiya na fito baranda ina shan shayi kafin in tafi aiki. Barandarsu tana gefen tamu, ƙaramin bango ne tsakani. Malama tana tsugune a bakin magudanar ruwa da gwangwani a gabanta, ta naɗe hannun riga, tana wanke burushi ɗaya bayan ɗaya tana jera su a kan tsumma. Ba ta gan ni ba. Ta tuntsurar da gwangwanin, ruwan ya bi ta kan siminti, shuɗi, ya tsaya kaɗan a bakin ramin, sannan ya gangara.